Yawuri: Gwal a Tudu, Wasa a Ruwa

Da zarar an ɗaure gero an zuba a rumbu, samarin garinmu Baure sai su fara watsewa. Da can Kano ake zuwa ci-rani, ko Legas, ko a tsallaka Magarya a nufi Damagaram. Tun da aka gano zinariya a Jado, can cikin hamadar Agadas, a 2014, sai maganar gwal ta shiga bakin kowane yaro. Wasu suka yi arewa, wasu kuma suka yi yamma zuwa ƙasar Yawuri ta jihar Kebbi, inda ba sai an ratsa sahara ba. Ɗan ƙanwata yana cikin na biyun, kuma uwarsa ce ta matsa mini in je in gano mata halin da yake ciki. Na tarar da shi lafiya lau. Na kuma tarar da ƙasar da ta iya karɓar baƙo, ta iya wasa, wadda arzikin ƙarƙashin ƙasa bai raba mutanenta da kogin kakanninsu ba.

Hanyar doguwa ce. Daga Baure sai Zango, sai Daura, sai Katsina. Daga nan direba kan bi inda hankalinsa ya fi kwanciya saboda 'yan bindiga. Mu dai ta Funtuwa muka faɗa Gusau, muka kwana a Sakkwato, washegari muka biyo Tambuwal da Jega da Koko. Tun kafin Koko ƙasa take sauya kama. Rairayin da muka saba da shi ya ƙare, jar ƙasa ta bayyana, itatuwa suka ƙara tsawo da duhu, ga kaɗanya ga ɗorawa, ga giginya tsaye a fadamu.

Yelwa, inda fadar Sarkin Yawuri take, a bakin kogin Kwara take zaune, kogin da littattafan makaranta ke kira Neja. Mutumin ƙasar Daura ba zai ga wannan ruwa ya wuce abinsa ba. Mu da guga muka san ruwa. Tafkinmu kafin bazara ta yi nisa ya koma taɓo, tarihin masarautarmu ma a bakin rijiya ya fara, wato Kusugu, inda aka ce sai ranar Juma'a maciji ke barin mutane su ɗiba. Labarin Bayajida da ya ba mu Hausa Bakwai shi ne ya lissafa Yawuri cikin sauran ƙasashe bakwai, tare da Kabi da Zamfara da Nufe, don haka sunan ba baƙo ba ne a kunnenmu. Amma ba wanda ya taɓa gaya mini cewa akwai ruwan da ido zai gaji kafin ya kai ɗaya gaɓar.

Faɗin nan ba duka ne na asali ba. A 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji can kudu, ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 1,200, bakinsa na arewa ya taɓo Yelwa. Ya cinye tsohon garin Busa da tsibirai da yawa, aka tayar da mutum wajen 44,000 aka gina musu sababbin matsugunai. Gungawa, waɗanda kakanninsu suka rayu a kan tsibiran nan, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wani dattijo da na zauna kusa da shi a jirgi ya miƙa hannu kan ruwa tsagwaro ya ce da ni, "Malam, nan gonar albasar mahaifina take." Wutar lantarkin da ƙasar nan ta sha shekara da shekaru, wasu ne suka biya ta da gidajen iyayensu, kuma ya kamata mai yawon buɗe ido ya san haka kafin ya ɗaga waya ya ɗauki hoto.

Kallon farko da baƙo zai yi kyauta ne, sammako kawai yake buƙata. Bayan sallar asuba masunta ke dawowa, kwale-kwale na bin kwale-kwale, mata 'yan sari suna tsaye cikin ruwa har gwiwa da manyan robobi. Ana sauke giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da kurungu, wani kifin sai mutum biyu sun kama. Can gefe ana shanya ƙananan kifayen tafki a kan tabarmi, hayaƙin banda yana tashi. Yaron da bai fi shekara bakwai ba zai tsaya a goshin kwale-kwale ya watsa birgi, ragar ta buɗe ta yi da'ira sosai kafin ta faɗi, shi kuwa ko girgiza bai yi ba. Na daɗe ina kallon wannan. A Baure yaro mai shekarunsa jaki yake hawa ba linzami, kowa da abin da ƙasarsa ta koya masa.

Allah ya sa zuwana ya dace da bikin Rigata, wanda ake yi cikin rani. Dattawa sun ce asalinsa farautar dorina ce. Jaruman Gungawa kan fita cikin jirage da zago da masu, su tunkari dabbar da ke iya kifar da jirgi da mutanen cikinsa, kuma wannan fita ita ce horonsu na yaƙin ruwa. Da Turawa suka hana farautar, sai abin ya koma nuna gwaninta a gaban sarki da manyan baƙi. A 'yan shekarun nan an farfaɗo da shi a ƙarƙashin Mai Martaba Dokta Muhammadu Zayyanu Abdullahi, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya hau gadon sarauta, gwamnatin jiha kuma ta sa hannu.

Na ga hawan Magajiya a Daura, na ga Sallar Gani tun ina yaro, kuma ban zaci akwai taron da zai tayar mini da tsigar jiki bayansu ba. Tseren jirage ya tayar. Dogayen kwale-kwale ne sirara, matuƙa a jere hagu da dama, mai kiɗa a tsakiya, wani dattijo a baya yana riƙe da alƙiblar jirgi. Kafin a ba da alama shiru ake yi, ba ka jin komai sai ruwa na marin katako. Da aka saki, sai filafilai suka riƙa shiga ruwa suna fita a kan bugun ganga, kamar taɓaren mata masu lugude, ba wanda ya riga wani, ba wanda ya makara. Mai kallo daga nesa ƙarfin damtse yake gani. Wanda ya matso kusa zai gane cewa dattijon nan na baya shi ke cin tsere ko ya faɗi, domin shi ya san inda igiyar ruwa take da inda iska ke karkata jirgi, kuma da ɗan juya filafili kaɗan yake ƙwace tazarar da samari ashirin ba za su mayar ba. Jirgin da ya zo na biyu a zagayen da na fi kula da shi ya fi na farkon ƙarti, wajen juyawa ne ya buɗe da yawa. Jama'ar gaɓa duk sun ga haka, kuma har dare ana muhawara a kansa a teburin mai shayi.

Bayan tseren aka shiga ninƙaya da nutso. Mutum zai faɗa ruwa a gabanka ya ɓace, ka yi ta duban wurin har zuciyarka ta fara bugawa, sai a yi sowa can nesa inda ya ɓullo. Ga makaɗan Gungawa da Kambari da Dukkawa da Shangawa, kowace ƙabila da adonta da rawarta, amma da Hausa ake sanarwa, da Hausa ake ciniki, da Hausa ake yi wa gwani kirari.

Wurin haƙar gwal yana can tudu, sai an hau babur an bi hanyar daji. Harkar ba sabuwa ba ce a wannan yanki. Tun shekarun 1930 Turawa suke haƙa a Yawuri da Minna da Birnin Gwari, Yaƙin Duniya na Biyu ne ya durƙusar da aikin. Yanzu talakawa ne suka gaje shi da diga da shebur. A watan Yulin 2020, lokacin Atiku Bagudu yana gwamnan Kebbi, aka miƙa wa marigayi Shugaba Muhammadu Buhari curin zinariya mai nauyin kilo 12.5 da aka tara daga hannun ƙananan masu haƙa, Babban Bankin Nijeriya ya saye shi a kan naira miliyan 268. Kebbi na cikin jihohin da aka fara gwada wannan shiri na sayen zinariyar ƙananan masu haƙa.

Ɗan ƙanwata ya zagaya da ni. Rami ne mai zurfi, bakinsa bai fi na rijiya ba, ana zura mutum da igiya da tocila ɗaure a goshi, ana jawo duwatsu a buhu. A farfasa su da guduma, a kai inji a niƙa, a wanke garin a kan katako mai gangara da aka shimfiɗa wa kafet, nauyin zinariya ya sa ta maƙale, laka ta wuce. Abin da ya rage a juya shi a faranti, a ɗiga zaiba ta tattare shi, a ƙona. Ya buɗe wata 'yar takarda ya nuna mini abin da su shida suka samu, ƙwaya ɗaya jawur, ya ce, "Kawu, kada ka raina ta, wannan ita ce takin bana da kuɗin makarantar su auta." Ban raina ba. Na ga hannayensa.

Abin da ya fi burge ni a wurin shi ne abin da ke faruwa bayan la'asar. Mutanen da suka wuni cikin rami za ka zaci kwanciya za su yi. Ina! Sun share fili tsakanin tarin ƙasa, sun kafa sanduna, ana buga ƙwallo ba takalmi, 'yan Katsina da 'yan Zamfara, wanda ya ci ya kara da 'yan Nijar. Alƙalin wasan mai sayar da rake ne, kuma ba a musa masa. Ƙarƙashin wata ɗorawa dattawa sun haƙa gurabun dara a ƙasa, masu kallo sun fi masu yi yawan magana. Ranar kasuwa akan ɗaura zare a yi dambe, ko a yi kokawa, kuma a nan ne 'yan Nijar ke baje kolinsu, su cika ka da labarin kokawar takobi da ɗan kokawar nan Isaka Isaka na Doso. Da dare janareto ya tashi, gidan kallo ya cika, a raba gari biyu tsakanin Barcelona da Real Madrid. Mutanen da a rami kowa ke ɓoye wa ɗan'uwansa abin da ya samu, a fili suna cin tsire a takarda ɗaya. Na tabbata wasannin nan suna kashe rigingimu da yawa tun kafin su kai gaban mai unguwa.

Ba zan ɓoye damuwata ba. Na ga ana ƙona zaiba kusa da inda ake dafa abinci, hayaƙinta kuwa guba ne ga ƙwaƙwalwa da ƙoda. Duk wanda ya tuna 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana niƙa dutsen gwal a cikin gidaje, ba zai ga ƙurar injin nan hankalinsa ya kwanta ba. Ruwan ma yana da ranarsa. A watan Mayun 2021 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da ƙima ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da yawa suka rasu. Baƙo ya nemi rigar kariya kafin ya shiga jirgi, in ya ga an cika ya haƙura ya jira na gaba, ba abin kunya ba ne.

Mai son tarihi ya leƙa Birnin Yawuri, tsohuwar hedikwatar masarauta kafin a komo Yelwa a ƙarshen ƙarni na 19. Ragowar ganuwa tana nan, kuma girman filin da ta kewaye ya ishe ka sanin irin ƙasaitar birnin a zamanin da fataken goro ke ratsa shi zuwa Gwanja. Ta kogin Kwara Baturen nan Mungo Park ya wuce a 1806 kafin ya halaka a Busa, kuma a 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo wurin Sarkin Yawuri neman takardunsa. Sunan Birnin Yawuri ya sake fitowa duniya a watan Yunin 2021 ta hanya mai ciwo, da aka sace ɗaliban makarantar gwamnatin tarayya da ke can. Mutanen gari ba su manta ba, shi ya sa in sun ce maka kada ka bi wata hanya, ko ka dawo kafin magariba, ka ji maganarsu.

Wanda zai je, ya nufi bayan kaka zuwa tsakiyar rani, lokacin hanyoyin daji sun bushe, albasa ta fara fitowa daga fadamu. Ya sauka a Yelwa, ya sami matuƙi ɗan gari wanda ya san inda dorina ke kwana, domin har yanzu suna nan, suna ma shiga gonakin shinkafa da dare. Namu matuƙin ya tsayar da mu nesa, ya ce mai ɗa ba a matsa mata, muka ga kunnuwa da hanci suna fitowa suna komawa. Da za a yi 'yan masaukai masu tsafta a bakin ruwa, a tanadi jirage masu rigunan kariya, a kuma sanar da ranar Rigata tun da wuri yadda ake yi wa bikin kamun kifi na Argungu, da mutanen Kano da Katsina da Maraɗi sun cika gaɓar nan. Ranar da zan taso na sayi kwalin bandar tarwaɗa da rabin buhun albasa. Matar da ta sayar mini, da ta ji daga ƙasar Daura nake, ta ƙara mini kifi uku gyara, ta ce in gaishe da mutanen gida.