Kaset Ɗin Shata da Ya Tsinke a Hanwa

A wani gida da ke Hanwa akwai dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda ya yi shekaru yana ajiyar kaset-kaset na Alhaji Mamman Shata cikin wata adaka. Wata safiya rikodarsa ta cinye zaren ɗaya daga ciki, wanda ya naɗa da hannunsa daga rediyo tun yana saurayi. Ya warware shi da biro, ya liƙe inda ya tsinke, amma muryar ta riga ta shaƙe.

Jikansa ya ce masa kada ya damu. Suka hau Keke Napep, suka wuce Kwangila zuwa kasuwar Sabon Gari, inda wani matashi mai tura waƙoƙi ya cika musu memori da Shata cikin 'yan mintoci.

"Baba, duk abin da Shata ya rera yana nan ciki," in ji matashin.

Dattijon ya kwana uku yana saurare. Ya tarar da waƙar, amma ba tasa ba ce. Amshin ɗaya ne, kiɗan kalangun ɗaya ne, sai dai mutanen da aka ambata daban ne, kuma wani ɗango da ya fi so babu shi sam.

Matashin bai yaudare shi ba. Yadda Shata yake waƙa ne ya jawo haka. An haife shi a Musawa a 1923, ya yi tallan goro da alewa yana yaro, kuma mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba, domin a ganinsa waƙa roƙo ce. Ya yi zama a Bakori, da Funtuwa, da Kano, ya kwashe fiye da shekara hamsin yana waƙa ba tare da rubuta ta a takarda ba. Amshi ne ginshiƙin da ba ya motsi. Ɗangogin kuwa a filin wasa yake ƙulla su, gwargwadon wanda ke zaune a gabansa da abin da ya faru a ranar. Shi ya sa Bakandamiyarsa ma ba iri ɗaya ba ce a duk inda aka naɗe ta. Kowane naɗi shaida ce ta rana guda da taro guda, wanda ba zai sake maimaituwa ba.

Muryarsa ta iso mana ta hanyoyi da yawa: faifan garmaho na kamfanoni irin su EMI, da faya-fayan gidajen rediyo na Kaduna da Kano, da hotunan talabijin, da kuma kaset ɗin da mutane suka naɗa a wurin biki. Zaren kaset kuwa ba ya jure zafi da laima da ƙurar hunturu. Idan aka kwafe shi zuwa waya, sauti yakan tsira, amma sau da yawa bayanin da ke rubuce a bayan kwalin yakan salwanta: shekara, gari, wanda aka yi wa waƙar, da makaɗan da suka riƙe kalangu.

Ba a ce masana sun yi sakaci da shi ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, tafiyar 'yan mintoci daga Hanwa, ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah!, a 2006. Sai dai rubuta tarihin mawaƙi aiki ne daban, jera faya-fayansa ɗaya bayan ɗaya kuma wani aikin ne.

A shekarar da Shata ya rasu, wato 1999, Italiya ma ta rasa Fabrizio De André, mawaƙin birnin Jenowa da ya shahara da waƙe waɗanda al'umma ta mayar saniyar ware. Masu sauraronsa sun san shekarar kowane faifansa, kuma takardunsa na ajiye a Jami'ar Siyena. Aikinsu ya fi sauƙi, domin shi yakan rubuta waƙa, ya shiga situdiyo, ya fitar da ita a siffa guda. Mai son tattara Shata kuwa dole ya bi gida-gida, tun da wani naɗin babu kwafinsa ko'ina sai a adakar mutum ɗaya.

Nan ne nauyin ya faɗo kan masu karatu irin jikan dattijon. Kwafar kaset zuwa kwamfuta ba ta da wuya. Abin da ke ƙurewa shi ne mutanen da za su ji murya su ce wannan a bikin wane ne, a wace shekara.

Bayan sallar la'asar yanzu, jikan yakan zauna da littafi da biro, kakan yana ɗauko kaset ɗaya-ɗaya yana faɗa masa abin da ya tuna. Sun gama goma sha huɗu. A shafin wanda ya tsinke, yaron ya rubuta shekarar da sunan gidan rediyon, ya bar sauran layin babu komai.