Lauyan Allon Talla da Lauyan Zauren Kotu

A biranen Amurka, wanda ya ji rauni a haɗarin mota ko a bakin aiki ba ya rasa lauya. Allunan talla na gefen titi cike suke da hotunansu, kowanne na alkawarin ba zai karɓi ko sisi ba sai an yi nasara, kuma galibi sulusin diyyar ne ladansa. Tsarin ya buɗe wa talaka ƙofar kotu, sai dai akwai lauje cikin naɗi: lauyan da ke ci daga kaso yana iya samun riba mai yawa ta hanyar sasanta ƙararraki da gaggawa, ko da a kan kuɗi ƙalilan. Kamfanoni kuwa sun san wanda ke shakkar tsayawa gaban alƙali, kuma gwargwadon haka suke yin tayi.

Shari'ar Stella Liebeck ta ishi mai nazari misali. A shekarar 1992, a birnin Albuquerque, gahawar McDonald's ta zube wa wannan dattijuwa mai shekara 79 a cinya, tana zaune cikin motar jikanta. Ta ƙone ƙwarai, har ta kwana 8 a asibiti aka yi mata dashen fata. Da farko dala 20,000 kawai ta nema domin kuɗin jinya; kamfanin ya yi mata tayin dala 800. Sai ta ɗauki Reed Morgan, lauya daga Texas wanda ya taɓa ƙarar kamfanin kan ƙunar gahawa. Shi ne ya baje wa kotu bayanan kamfanin na kansa, masu nuna koke sama da 700 na irin wannan ƙuna cikin shekara 10. Lauyan da burinsa sulhu kawai, da wuya ya wahalar da kansa wajen tono irin waɗannan takardu.

A watan Agustan 1994 masu taya alƙali yanke hukunci suka ɗora mata kashi 20 cikin ɗari na laifin, suka ba ta diyyar dala 160,000, sannan suka ci kamfanin tarar dala miliyan 2.7 domin ladabtarwa. Alƙali ya rage tarar zuwa dala 480,000. Abin lura shi ne, ita ma wannan shari'a da sulhu ta ƙare kafin a saurari ɗaukaka ƙara, a kan adadin da ɓangarorin biyu suka amince kada a bayyana. Amma a wannan karon kamfanin ya zauna teburin sulhu ne da hukuncin kotu a wuyansa.