Sabuwar Kwamfuta Da Ba Ta Jin Hausa

'Yan'uwa mazauna Zango, sana'ata buga wa jama'a takardun ɗaurin aure da na suna. Da na sayo sabuwar kwamfuta a Dekon, Microsoft Office ya ƙi shiga. Ashe akwai na gwaji a cikinta, sai da na cire shi.

Wannan ƙaramar matsala ce. Madannan na Faransanci ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Wa zai kai wa uban amarya takarda mai cewa ana maraba da "baki" maimakon baƙi?

Ga dabarar: a Word, a rubuta U+0199, a danna Alt da X tare (in ta ƙi, Alt da C), sai ƙ ta fito. U+0257 na ɗ ne, U+0253 na ɓ.