Mudu Ɗaya, Hasashe Ya Kuskure

Da na karɓi kuɗin sallamata daga aikin koyarwa, ƙanena, wanda akanta ne, ya ba ni shawarar in sayi hannun jari. Ya kwantar mini da hankali da cewa tun 2012 kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari ta Najeriya suke tsara rahoton kuɗinsu bisa ƙa'idojin IFRS, waɗanda wata hukuma a Landan ke shimfiɗawa, Tarayyar Turai kuma ta wajabta su tun 2005. “Yaya,” in ji shi, “yanzu mudu ɗaya ake awo da shi, masu hasashen riba ba lalube suke yi ba.”

Yana da hujja. Idan kamfanin Legas da na Faransa suna ƙirga bashi da kadara ta hanya guda, mai nazari zai iya jera su ya kwatanta, abin da ake ɓoyewa a da kuma dole a bayyana shi. Na saya, na kuma riƙa bin hasashen masana kamar yadda manomi ke duban hadari.

Sai ga Yunin 2023, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Ƙa'idojin sun tanadi cewa duk bashin da kamfani ya ci da dala a sake lissafa shi da canjin ranar rufe littafi, a zuba giɓin cikin riba ko asara. Kamfanin da na sa kuɗina bai rage ciniki ba, amma ribar da aka yi hasashe ta koma asara, rabon da na ƙwallafa rai a kansa don kuɗin makarantar 'yata bai zo ba. A wannan shekarar MTN Najeriya ma ta bayyana asarar naira biliyan 137, alhali bankunan da ke riƙe da dala sun kwashi riba.

Na daɗe ina jin haushin ƙa'idojin, daga baya na ga ban yi musu adalci ba. Asarar ta auku, su dai sun hana a rufe ta ne. Masanan kuwa cinikin kamfani suka iya aunawa, ba su san ranar da za a sauya tsarin canji ba, nan lissafinsu ya goce.

Ban sayar da hannun jarin ba. Amma yanzu in rahoton shekara ya fito, kafin in saurari kowane masani, bayanan ƙarshen littafin nake fara buɗewa, in nemi inda aka rubuta bashin kuɗin waje.