Gasar Yaran Makaranta Da Karan Dawa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi magana da malaman makaranta da 'yan'uwana akawuna a kan wani abu wanda in an ji shi da farko sai a ce wasan yara ne. Ni akawu ne, mutumin Ɗanzomo ta ƙasar Sule Tankarkar a masarautar Gumel. Ba ni gini, ba ni koyarwa, amma aikina na auna abu ne da rubuta shi, kuma ta nan maganar ta shafe ni.

A Amurka akwai wata ƙungiya ta gasar ilmin kimiyya tsakanin makarantu, sunanta Science Olympiad, an kafa ta a 1984. Cikin gwaje-gwajen da ta kan sa wa yara a waɗansu shekaru akwai wani mai ban sha'awa. Yaro zai haɗa wani abu da siraran itace da gam tun daga gida, ya zo ya maƙala gindinsa a jikin bangon katako, kansa kuwa ya miƙe cikin sarari kamar kamu ɗaya, babu ginshiƙi a ƙarƙashinsa. Sa'an nan a rataya bokiti a bakinsa, a yi ta zuba yashi sannu sannu, har ya karye ko kuwa nauyin ya cika kilo 15. Ba wanda nasa ya fi ƙarfi kaɗai ke ci ba. Sai an raba nauyin da ya ɗauka da nauyin jikinsa. Watau in na wani yaro gram 30 ne ya ɗauki kilo 15, ya ɗauki kansa sau 500 ke nan. In na wani gram 15 ne ya ɗauki wannan nauyi, ya ɗauki kansa sau 1,000, ya kuwa ci wancan. Turawa na kiran irin wannan gini kantiliba. Ni zan kira shi hannun bango, don haka ya ke.

Itacen da su ka fi yin aikin da shi sunansa balsa. A ƙasashe masu zafi na kudancin nahiyar Amurka ya ke fitowa, mafi yawan wanda a ke sayarwa a duniya daga Ekwado ya ke. Rashin nauyinsa ya kai inda, a matsakaici, gunduwar da za ta yi kilo 6 in da ruwa ce, ta balsa kilo ɗaya za ta yi. Ingila ta sa shi cikin jikin jirgin sama na yaƙi mai suna Mosquito a yaƙin duniya na biyu, a 1947 kuma wani mutumin Norway, Thor Heyerdahl, ya ɗaure gungumansa ya hau daga Peru, ya yi kwana 101 bisa teku.

Na kai wannan labari wurin wani malamin kimiyya da mu ke shiri da shi, na ce me zai hana a gwada wa yaranmu? Ya yi dariya, ya ce, "Malam, ina mu ka ga balsa a nan? Ba mu da kayan aiki." Wannan amsa ita ce dalilin takardata. Na ji ta sau da yawa, a kan abubuwa da yawa, kuma sau da yawa gaskiya ce. Amma a wannan karo ban yarda da ita ba, don abin da a ke so yaro ya koya a gasar nan ba ya cikin itacen Ekwado. Yana cikin tambaya guda: ina ne nauyi ya ke bi in an rataya shi, kuma wane yanki na ginin za a iya ragewa ba tare da ya faɗi ba?

Mai karatu, cika buta da ruwa, ka miƙe hannunka sosai ka riƙe ta. Ba da daɗewa ba za ka ji ciwon a kafaɗa, ba a yatsu ba. Haka hannun bango ya ke: a gindi wahalar ke taruwa, in kuwa an ninka tsawonsa, wahalar gindin ta ninku, ko da ba a ƙara ruwa ko ɗigo ba. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Sa'ad da nauyi ya danna bakin, bisan hannun ja a ke yi masa kamar igiyar guga, ƙarƙashinsa kuwa matsa shi a ke yi zuwa jikin bango kamar tokara. Wani masani na Italiya, Galileo, ya zana gungume kafe a bango da dutse rataye a bakinsa cikin littafinsa na 1638, tun daga nan masana ke lissafin wannan al'amari. A makarantar mishan da na yi an koya mana sunan Galileo, mun haddace, mun ci jarrabawa. Ba wanda ya ce mana mu ɗaga kai mu dubi indararon gidanmu, ko sandar ɗan garuwa da ke lanƙwasa gaba da baya daga kafaɗarsa, alhali dukansu hannun bango ne.

Balle fa maginanmu na ƙasa. Sun san azara ba ta haye fili fiye da kamu huɗu ko kusa da haka ba tare da ta lotsa da nauyin ƙasa ba. To, in ana son soro mai faɗi, me su kan yi? Sai su yi tauyi, su dasa gajerun azara a kan bango su leƙo ciki, su rage tazarar da doguwar za ta haye. In kuwa bakan gizo za a yi, sai a kafa azara a bangon nan da wancan, su karkato ciki, a ɗaure da igiya, a yaɓe, a bari ya bushe, sa'an nan a ɗora wani jeri wanda ya leƙa gaba da na farko. Haka haka har hannuwan biyu su gamu a tsakiya, ba a kafa komai a ƙasa ya tallafe su ba. Da wannan dabara Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Babbar gadar jirgin ƙasa ta ƙarfe da ke kan mashigin Forth a Sikotilan, wadda aka buɗe a 1890, ita ma da hannuwa masu leƙowa aka gina ta, kowane yana miƙowa wajen ɗan'uwansa bisa ruwa. Lalle ƙarfe ba azara ba ne, lissafinsu kuma ya fi namu zurfi, amma masallacin Zariya ya girmi gadar da shekaru fiye da arba'in.

Sai kara. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu, daga Ɗanzomo zuwa Gagarawa, ya yi motar kara yana yaro. Mu kan feƙe ɓawon mu yi tsinkaye, mu yanka totuwa mu soke, mu fitar da mota har da ƙofa mai buɗewa da taya mai juyawa. Manya sun yi gado da shi, da ƙyaure, da danga. Ku dubi halittarsa: ɓawo mai tauri a waje, totuwa mara nauyi a ciki, ga gaɓoɓi a jere. Galileo ɗin nan ya lura a littafinsa cewa abu mai rami a ciki, kamar karan alkama ko ƙashin tsuntsu, ya fi wanda ya ke a cushe ƙarfi in nauyinsu ɗaya ne, don wahalar lanƙwasa a gefe ta ke faɗawa, tsakiya hutawa ta ke yi. Abin da masu ƙera jirgin sama su ka nema da su ka sa balsa tsakanin fallayen katako biyu, shi ne Allah ya ba mu a gona, mu ke ba shanu, mu ke hura wuta da shi.

Bayan kakar da ta wuce na tara yaran gidanmu da na maƙwabta, su bakwai, na ce mu gwada. Mu ka sami wani tsohon bango, mu ka rataya ƙaramin bokiti, gwangwanin madara ya zama mudunmu na yashi. Da farko kowa ya soke kara guda a rami, ya bar kamu ɗaya a waje. Babu wanda nasa ya wuce gwangwani shida, dukansu kuma a bakin ramin su ka karye, har wani yaro ya ce bangon ne ke cin kara. Ban ce musu komai ba sai na sa su riƙe buta. Washegari wata yarinya 'yar aji biyar ta zo da nata: ta sa kara mai kauri a ƙasa ya tokare bango, ta ɗaure zaren buhu daga bakinsa zuwa ƙusa a sama, ya zama alwatika. Ta ce tun da na sama ja a ke yi masa, ai zare ya isa, ba sai an ɓata kara ba. Ya ɗauki gwangwani fiye da talatin, har yashin ya kusa cika bokitin.

Daga nan gardama ta tashi, kuma ita ce ta fi yi mini daɗi. Yaran su ka shiga rage nauyi. Wani ya ɗauki sille siriri ya yi tokarar da shi, sai ya gantsare ta gefe kamar baka tun kafin gwangwani goma, ya ɓalle. Wani ya ɗaure masa ɗan tsinke daga tsakiya zuwa bango, sai ga sillen nan ya jure nauyin da ya fi na dā nesa. Wannan ma an yi lissafinsa, wani masani mai suna Euler ya fitar da shi a 1744: siririn abu in an danne shi ta tsawonsa, ba murƙushewa ya ke yi ba, kaucewa ya ke yi ta gefe, in kuwa an kama tsakiyarsa aka raba tsawon biyu, ya kan jure har ninki huɗu. Yaron da ya ɗaura tsinken bai taɓa jin sunan Euler ba, ya ce tankar danga ya tuna. Mun ga kuma ƙaro ba ya riƙe mahaɗa, in ya bushe fashewa ya ke yi, naɗin zare ya fi shi. Kuma yawanci mahaɗa ce ke fara saki, ba karan ba.

Ban ce kara daidai ya ke da balsa ba. Balsa a kan yanka shi da inji, kowane sili kaurinsa ɗaya. Kara kuwa kowane da halinsa, na dawa daban da na gero, ɗanye daban da busasshe, wani ma tsutsa ta riga ta shiga cikinsa. Amma wannan aiki ne ya ƙaru ga yaro, ya koyi zaɓe da dubawa. Abin da ya ke ainihin babu a wurinmu shi ne awo da rubutu. Yaro ya yi mota mai kyau, a yaba, ta lalace, shi ke nan. Magini ya san tauyi a hannunsa, bai rubuta ba, 'ya'yansa sun koma bulo da kwano. Bature kuwa ya kan auna, ya rubuta a wane nauyi abin ya karye, kuma a wane wuri, na bayansa ya ɗora daga nan.

Kada wani ya ce ai an daina soron ƙasa, me za a yi da wannan? Ku je Gumel ko Maigatari ku dubi benaye da shaguna masu baranda ta kankare da ke leƙowa bisa hanya. Kowace hannun bango ce. Kankare yana jure matsi ƙwarai, amma ba ya jure ja, shi ya sa a ke sa masa rodi. A rufin da ke zaune kan bango biyu, ƙasansa a ke ja a tsakiya, can a ke sa rodin. A baranda mai leƙowa kuwa bisanta a ke ja, tilas rodin ya zauna a sama ya shige cikin ginin sosai. Lebura wanda ya saba da na farko, ko wanda ya tattake rodin ya nutse ƙasa wajen zuba kankare, ya gina abin da zai iya ruftowa kan mutane ranar da aka cire katakon tallafi. Yarinyar nan mai zaren buhu ta riga ta san inda rodin ya kamata ya zauna.

Saboda haka roƙona ga shugabannin makarantun firamare da na sakandare na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, da masu kula da ƙungiyoyin JETS inda su ke, shi ne a gwada wannan gasa sau ɗaya a zangon da ke bin kaka, sa'ad da kara ya bushe kuma yana ko'ina. A yarda da tsawo ɗaya, a ce santimita 45. A hana ƙusa da waya a jikin ginin, a bar kara da zare da gam. Sikeli mai auna gram shi kaɗai ne abin da za a nema, ana kuwa iya aronsa wurin masu sayar da magani ko maƙeran zinariya. Kowane yaro ya zo da littafi wanda ya rubuta gwaje-gwajensa a ciki, har da waɗanda su ka karye, a ba littafin maki kamar yadda za a ba ginin. A gayyaci tsohon magini guda ya zauna tare da malamin kimiyya cikin alƙalai, 'yan mata kuma a bar su su shiga. In wata makaranta a nan kusa ta yarda, ni na ɗauki nauyin rubuta sakamakon, in aiko maka da shi ka buga.

Wassalam. Ni ne naka,

Wani Akawu,
Ɗanzomo.