Lokacin da Mutum Huɗu ke Tarar wa Akwati Ɗaya

A farkon shekarun 1990, gidajen gem da shagunan fiza na Amurka ba sa rabuwa da wani akwatin wasa mai tsayin mutum, mai sandunan sarrafawa huɗu jere a gabansa. Ka jefa tsabar senti 25 a ramin kuɗi, ka kama sanda guda, shi ke nan ka shiga cikin katun ɗin da ka saba kallo a talabijin.

Kamfanin Konami na Japan ne ya buɗe wannan ƙofa a 1989 da wasan Teenage Mutant Ninja Turtles, kunkuru huɗun nan masu faɗa. Daga farawa sai ka tsinci kanka a bene yana cin wuta, kana neman ceto abokiyarsu April O'Neil, mayaƙan mugu Shredder na ɓullowa ta kowace kusurwa. Yaron da ya san dawan garin kunkuru Donatello yake rigegeniyar kamawa, don sandarsa na kai duka daga nesa. Wanda ya makara kuwa Raphael ne rabonsa, mai gajerun wuƙaƙe, sai ya matsa jikin abokin gaba. In aka hango fiza a ƙasa, wadda ke mayar da ƙarfi, nan ake gane mai kara: yaron kirki yakan bar wa wanda ransa ya kusa ƙarewa.

Ni dai wanda ya fi kwanta mini shi ne The Simpsons na 1991. Wani mai suna Smithers ya sato lu'ulu'u, dutsen ya faɗa bakin jaririya Maggie, sai ya sungume ta gaba ɗaya. Iyalinta suka bi sawu da abin da ke hannunsu: Marge da injin share ƙura, Bart da allon sululu, Lisa da igiyar tsalle, Homer da ƙulli kawai. Babu jarumi ko ɗaya a cikinsu, uwa ce da uba da 'ya'ya ke neman 'yar autarsu. In biyu suka tsaya kusa da juna sai su haɗa ƙarfi, Homer ya saɓa yaro a kafaɗa, ko shi da Marge su dunƙule su gangara kan maƙiya. Masu wasan ma haka suke, kafaɗa na gugar kafaɗa, wanda ba ka taɓa gani ba yana yi maka ihu ka taho ka taimaka.

Abin bai tsaya kan mutum huɗu ba: a 1992 wasan X-Men ya zo da akwati mai allo biyu da wurin mutum shida.

Gaskiya ne an ƙera akwatunan nan don cin kuɗi. Manyan abokan gaba irin su Krang na wasan kunkuru da Mista Burns na The Simpsons ba sa faɗuwa sai aljihu ya girgiza. Amma ko tsabarka ta ƙare, wani na bayanka zai jefa tasa ya ɗora daga inda ka tsaya, kai kuma ka koma gefe kana ba shi shawara har a ga ƙarshen labari.

Street Fighter II na Capcom, wanda ya fito a 1991, shi ya fara karkatar da kasuwa zuwa karawar mutum da mutum, inda na kusa da kai ya zama abokin hamayya. Daga baya na'urar wasan gida ta PlayStation ta fito a 1994, wasa ya koma ɗaki, masu gidajen gem suka dinga fitar da manyan akwatunan nan saboda cin wuri.