Sukar Shaida a Sabon Ibadan

Daga Kano muka ɗauki hanyar Kurmi, muka bi ta Mokwa, muka haye gadar Jebba, muka ratsa Ilori da Ogbomosho, sai ga mu a tashar Ojoo jiki duk ya yi tsami. Daga nan zuwa Sabo ta Mokola tafiyar ba yawa. Tun 1916 aka yanka wa Hausawa wannan unguwa, kuma goro da shanu ne suka raine ta. Yau 'yan canji da masu tsire ne ke fara tarar baƙo a bakin titi.

Mai masaukina dattijo ne, tsohon dillalin shanu. Washegari bayan la'asar aka kawo masa rigimar wasu fatake biyu kan cikon kuɗin bijimai da aka sayar bashi. Mai ƙara ya gabatar da shaidarsa, wani saurayi da ke ta murza hularsa a hannu. Kafin yaron ya buɗe baki, ɗayan ya gyara zama ya ce, "Baba, ina da suka."

"Kawo ta, Alhaji."

"Yaron gidansa ne. A tukunyarsa yake ci, kuma yana da la'ada a cinikin."

Ba wanda ya ɗaga murya. Wannan shi ne abin da malaman Malikiyya ke kira tajrihi: wanda za a ba da shaida a kansa yana da haƙƙin ya soki mai ba da ita saboda gaba, ko kusanci, ko wani amfani da zai samu idan an ci shari'ar. Amma suka ba a baki take tsayawa ba, sai an tabbatar da ita, kuma alƙali kan yanka wa mai sukar ajali ya kawo hujja. Da i'izari ake buɗe masa wannan ƙofa, wato a tambaye shi kafin hukunci ko yana da sauran abin cewa. Ibn Asim na Andalus ya ware wa i'izari fasali a Tuhfa, littafin da alƙalanmu ke riƙe da shi har yau, kuma kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a a Arewa sukan rushe hukuncin da aka yanke ba tare da i'izari ba.

Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin Jihar Oyo ba ta da irin waɗannan kotuna. Wanda ya ƙi sulhu sai ya nufi kotun majistare ta Iyaganku ko Babbar Kotu a Ring Road, inda lauya ne ke miƙewa ya yi sukar da Turanci, wanda shari'ar ta shafa kuwa yana zaune bai san me ake cewa ba. A zauren dattijon nan kuwa mutum da bakinsa ya kare kansa, kuma aka saurare shi.

Dattijon ya tambayi saurayin ko gaskiya ne yana da la'ada. Ya sunkuyar da kai ya amsa. Aka ba mai ƙara zuwa Juma'a ya zo da wani mai shaida daga kara, wanda ba ya cin komai a cinikin.